Yadda ake haɗa taron gari kan ƙasa, burtali da itatuwa a jahar Maraɗi

Duk shekara, da gero ya nuna a ƙasar Maraɗi, garkunan da suka yi damina a arewa, wajen Bermo da Gadabeji da kwarin Tarka, sai su fara gangarowa kudu. Tabkunan can sun soma ƙafewa, dabba kuwa ba ta jiran manomi ya gama ɗaure dammansa. A wannan tsakanin ne ɓarna take yawa, kuma a nan ne faɗa yake tashi. Duk wanda ya girma a jahar nan ya san sunan Toda ta gundumar Gidan Rumji, inda a watan Oktoba na 1991 rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutane fiye da 100, mafi yawansu mata da yaran Fulani. Na ambaci Toda ne don a san nauyin abin da ake zaman yi. Taron gari kan ƙasa da ruwa da itace aikin tsare rai ne, kuma yana da hanyar yin sa.

Wannan bayani na matasan fada ne, da ƙungiyoyin mata, da malaman makaranta, da duk wanda ya ga burtalin garinsu yana ƙanƙancewa, ko itatuwan gonaki suna ƙarewa, ko an raba gwauruwa da gonar da take ci, yana so a zauna a yi magana. Abu ɗaya nake so ku riƙe tun daga farko: wanda ake zaman dominsa, da shi ake kiran taron. In makiyayi ya ji labarin taro bayan an riga an tsayar da rana da wuri da abin da za a tattauna, zai zo ya zauna a gefe ya yi shiru, ya tashi bai ɗauki komai a kansa ba.

Mataki na farko: ku tsayar da magana guda

Ku fara da ƴan mutane kaɗan, biyar zuwa bakwai. A cikinsu lallai a samu manomi, makiyayi, mace, da matashi mai iya rubutu. In garinku yana da ƴan gudun hijira, kamar garuruwan Gidan Rumji da Madarumfa da suka karɓi mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina tun 2019, a sa ɗaya daga cikinsu, domin su ma itacen dajin nan suke girki da shi, rijiyar nan suke sha.

Ku zauna ku amsa tambaya ɗaya: me muke so a ce an yanke idan an watse? "Mu wayar da kan jama'a game da muhalli" ba amsa ba ce, domin ba wanda zai iya cewa an yi ko ba a yi ba. Amsa ita ce irin wannan: a sake buɗe burtalin da ya tashi daga gabas da gari zuwa tabki kafin ruwa ya sauka, a kafa kwamitin tsaron itatuwan gonaki, a rubuta wa matan da ke noman aro takarda. Kada ku wuce batu uku. Taron da ya ɗauko batu takwas, rana za ta faɗi ana kan na biyu.

Mataki na biyu: zagayen gaisuwa

Wannan ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne mafi yawan masu shirya taro suke tsallakewa. Ku ba shi mako uku ko huɗu.

Maigari za ku fara gani, a zaurensa, ba a hanya ba. Kada ku je masa da magana a yanke. Bayan gaisuwa, babba a cikinku ya ce: "Ranka ya daɗe, mun zo neman shawara ne. Mun ga yadda hanyar dabbobi ta matse, muna tsoron kaka. Muna so a zauna a ƙarƙashinka, ka ga yadda ya dace." Shi zai gaya maku ko maganar ta tsaya a kansa ko sai an kai ta fadar sarki. Ku sani cewa maigari shi ne shugaban kwamitin filaye na gari, wanda ake kira COFOB, in an kafa shi a garinku. Saboda haka duk abin da za a rubuta daga baya ta hannunsa zai bi.

Daga nan sai ruga. Ku tafi da ƙafarku, kada ku aika yaro, kada ku tsaya ga saƙon waya. Ku nemi arɗo, ku nemi shugaban masu kiwo da ake ce wa ruga, da garso mai jan garke a tafiya, domin su ne suka san hanyoyi da mashaya tun daga iyakar Najeriya har arewacin Dakwaro. Ku gaisa sosai, ku tambayi lafiyar iyali da ta dabbobi, ku sha nonon da aka kawo maku. Sannan ku tambaya: "Arɗo, in an zauna, me kuke so a fara da shi? Wace rana ta fi maku? Wa zai yi magana da yawunku?" Abin da suka faɗa ku sa shi cikin jerin batutuwa da bakinsu. In akwai zangon Abzinawa ko na Woɗaɓe a kusa, su ma haka, kowane da nasa zuwan. Kada ku ɗauka cewa arɗo ɗaya ya wakilci duk mai sanda.

Sai liman, sai sarkin noma, sai shugabar mata. A garuruwa da yawa akwai ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, tsarin da aka fara a jahar nan a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Waɗannan matan sun saba zama duk mako, sun saba lissafi da yanke shawara, kuma su ne za su fi kowa riƙe maku alƙawari. Ku je ranar zubinsu.

Akwai mutum ɗaya da ake mantawa, wato wanda ya ci burtalin. Kowa a gari ya san shi. Ku same shi a gidansa, shi kaɗai, kafin taro. Sau da yawa ba mugunta ce ta sa shi ba: gonar gado ce aka raba tsakanin ƴaƴa da yawa har ta koma ƴar tafin hannu, ya ga fili a gefe ya ƙara kunya biyu, bara ya ƙara uku. In ya fara jin maganar a bainar jama'a, zai kare kansa har ƙarshe. In kun gaya masa a ɗaki, kun ba shi damar ya miƙe ranar taro ya ce shi da kansa ya janye, ya fita da mutuncinsa.

A ƙarshe ku sanar da hukuma a rubuce: magajin gari ko kantoman da ke riƙe da komin, da sakataren COFOCOM, wato kwamitin filaye na komin. Ku gayyaci ma'aikacin gandun daji, da na noma, da na kiwo. A yankunan bakin iyaka inda ƴan bindiga ke addabar mutane, ku shaida wa jandarma, ku yi taron da rana tsaka, a watse da sauran haske.

Mataki na uku: rana da wuri

Lokaci biyu ne suka fi dacewa. Na farko watan Afrilu zuwa farkon Mayu, lokacin sassabe, kafin a yi shuka, domin a lokacin ne ake matsa iyaka, kuma janye kunyar da ba a shuka ba ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Na biyu watan Satumba, kafin garkuna su gangaro. Ku kauce wa ranar kasuwar garinku da ta maƙwabta. In kuna kusa da birni, Litinin da Juma'a na kasuwar Maraɗi ne.

Sa'a ma abin dubawa ce. Da sassafe makiyayi yana tatsa da shayarwa, mace tana bakin turmi da rijiya. Hantsi zuwa azahar ya fi, a yi sallah, a ci abinci, a ƙarasa kafin la'asar ta yi sanyi. Wuri kuwa, ƙarƙashin babbar inuwa a fili, ko harabar makaranta. Zauren maigari yana da daraja, amma mata da yawa ba za su shiga ba, baƙo kuma zai ji a gidan wani yake. Tabarmi sun fi kujeru: in kun jera kujeru goma a gaba, kun riga kun raba taron gida biyu. Ku bar kujera ga maigari da arɗo da dattawan da gwiwa ta hana su zaman ƙasa, a jere ɗaya.

Shela kwana uku kafin ranar, ta bakin sanƙira, da masallaci bayan sallah, da rediyon karkara in akwai. Saƙon murya na WhatsApp da Hausa da Fillanci yana isa inda ƙafa ba ta kai ba.

Kuɗi

Ba ya da yawa. Ruwan sha, goro, shayi da sukari, fura ko dafa-duka, hayar lasifika, kaye biyu da bik, manyan takardu na zane. Ku tara a gari: wani tiyar gero, wani jika ɗaya, wani ya ba da amalanke a ɗebo ruwa, makiyaya su kawo nono. A rubuta abin da kowa ya bayar, a karanta a taro. Ra'ayina a kan kuɗin zama a fili yake: kada a bayar. Ranar da kuka raba kuɗi don an zauna, taro na gaba ba mai zuwa sai ya ji nawa ne. Abin da ya halatta shi ne kuɗin mota ko na man babur ga wanda ya taso daga nesa.

Mataki na huɗu: ku san abin da doka ta ce

Mutum biyu daga cikinku su zauna da sakataren COFOCOM kafin ranar, su fahimci waɗannan, har su iya faɗinsu da Hausa ba tare da duba takarda ba.

Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ita ce uwa. Ta amince cewa mallakar gona ta hanyar gado da al'ada mallaka ce, daidai da ta takarda, kuma ita ta kafa tushen kwamitocin filaye. Ta kuma ba makiyaya haƙƙin fifiko a wurin da suka saba zama mafi yawan shekara, inda suke komawa bayan tafiya, ba tare da sun hana wasu ruwa da ciyawa ba.

Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ce tafiya da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi wanda hukuma ta amince da shi kuma take karewa. Burtali da filin kiwo da tabkunan jama'a dukiyar ƙasa ce, ba mai ikon nome su ko ya sayar ko ya killace. Dokar ta kuma tabbatar da iyakar noma ta arewa da aka shata tun 1961, wadda a jaharmu ta bi ta wajen kwarin Tarka. Ranar sakin gonaki kuwa hukumar jaha ce take tsayar da ita kowace shekara bayan shawara. Kafin ranar, dabba ba ta da hurumin shiga gona. Bayanta, manomin da ya bar amfaninsa a fili ya san abin da ya yi.

Sai maganar duniya. Ranar 13 ga Satumba 2007 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da sanarwa kan haƙƙin al'ummomin asali, mai sassa 46. Ƙasashe huɗu ne suka ƙi a ranar, Amurka da Kanada da Ostareliya da Niyu Zilan, daga baya kuma duk suka sauya matsayi. A Nijar, ƙungiyoyin da ke bin wannan batu suna ambaton Fulani da Abzinawa da Tubawa, wato al'ummomin da rayuwarsu ta dogara ga kiwo na tafiya. Abin da ya fi amfani a ɗauko daga sanarwar shi ne ƙa'ida guda: duk aikin da zai taɓa ƙasar da mutane ke rayuwa a kanta, sai an nemi yardarsu, da son ransu, kafin a fara, bayan an yi masu cikakken bayani. Wannan ƙa'ida ta dace da mai kuɗin da ya zo zai killace daji ya yi gidan gona, ta dace da aikin hanya, ta dace da mu kanmu masu kiran taro. Amma ku gaya wa jama'a gaskiya: alƙali a Maraɗi da dokar 1993 da ta 2010 zai yi hukunci, sanarwar ƙarin ƙarfin hujja ce.

Gargaɗi ɗaya a nan. Kada ku bari zaman ya koma gardamar wa ya riga wa zuwa. Da wani ya ce "kakanmu ne ya sari dajin nan", wani ya ce "shanunmu ya tarar", to an bar maganar burtali an shiga wadda ba ta da ƙarshe. Mai jagorancin taro ya tare ta da wuri, ya ce tarihin kowa abin girmamawa ne, amma yau hanyar da saniya za ta bi zuwa ruwa aka zo nema.

Mataki na biyar: ranar taro

Liman ya buɗe da addu'a. Maigari ya yi maraba, arɗo ya yi nasa jawabin nan take bayansa, don kowa ya ga taron na mutum biyu ne. Mai jagoranci ya zama wanda ɓangarorin suka yarda da shi tun a zagayen gaisuwa, mai haƙuri, wanda ba ya da gona a bakin burtalin kuma ba ya da garke. Ya faɗi ƙa'idoji a taƙaice: ba a kiran sunan mutum da laifi, ba a katse mai magana, sanda da adda a ajiye su wuri ɗaya a bakin fili, na kowa da kowa.

A samu tafinta. Mafi yawan makiyayan jahar nan suna jin Hausa, amma jin ciniki a kasuwa daban, kare haƙƙinka a gaban mutum ɗari daban. Dattijuwar da za ta yi jimla biyu da Hausa, in aka bar ta da Fillanci za ta ba ku tarihin mashaya gaba ɗaya.

Kada a fara da jawabai. A fara da taswira. A share fili a tsakiya, a kawo toka da duwatsu da karare. A ce wa dattawan manoma da na makiyaya su zana garin kamar yadda yake lokacin da suke samari: ga rijiya, ga tabki, ga gulbi, ga hanyar dabbobi da faɗinta, ga inda kukoki da gawuna suke, ga daji. Za su yi gardama, wani ya goge da ƙafa ya gyara, ku bar su. Sannan matasa su zana na yau a gefensa. Idan zane biyun suka kwanta kusa da juna, ba sai kowa ya zargi kowa ba, ido ya gani: hanyar da garke ke bi a yalwace ta koma ta amalanke ɗaya, filin kiwon ya cika da garmani wanda dabba ba ta ci, tabkin ya cike da yashi. Mata su zo su sa alama inda suke samun itacen girki da ganyen miya a da, da inda suke zuwa yanzu. Matashi mai rubutu ya kwafe zanen biyu a babbar takarda, a ɗauki hotonsu da waya kafin iska ta share.

Bayan taswira a rabu gida-gida na ɗan lokaci: manoma, makiyaya, mata, matasa. Kowane rukuni ya dawo da abu biyu, abin da yake nema da abin da ya yarda zai bayar. Na biyun shi ne ke motsa taro. Manoma su ce za su janye daga burtali, su kwashe amfanin gona kafin ranar saki. Makiyaya su ce ba kiwon dare kusa da gonaki, ba tura ƙananan yara su kaɗai da babban garke, ba sassake gawo har ƙwarya. Idan mata suka dawo, mai jagoranci ya ba su fili da girmamawa: "Inna, ku muke saurare, a faɗa mana abin da kuka yanke."

Maganar itace

A nan ya kamata a daɗe, domin a nan ne manomi da makiyayi suke da riba ɗaya, kuma a nan ne Maraɗi take da abin nuna wa duniya. A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kunce, a birnin nan aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada. A daidai waɗannan shekaru wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da manoman ƙauyukan Maraɗi suka lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa duk shekara a gona tohon kututturan itatuwa ne masu rai, da saiwarsu a ƙasa. Maimakon dashen da yawancinsa ke mutuwa, sai a raini abin da ke nan. Shi ne sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ya farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, mafi yawa a jahohin Maraɗi da Damagaram. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kai, saboda kwamitocin tsaron da suka kafa, da mata da Fulani a ciki.

A fita da jama'a zuwa gona mafi kusa a nuna aikin da hannu. A nemi kututturen kalgo ko sabara ko gawo ko magarya ko aduwa da ya yi toho. A zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a cire sauran. A yanke da kaifaffen ƙarfe, sara daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawon ya tsage. A rage ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsawon sandar, a bar na sama. A ɗaura ƙyalle ko a shafa fenti, alamar cewa wannan yana da mai shi. Bayan ƴan watanni a dawo a sake gyarawa. Abin da aka cire shi ne itacen girki da abincin awaki. Wanda bai taɓa yi ba ya fara da kamar 40 a hekta, ya ga yadda gonarsa za ta karɓa.

Gawo ya cancanci a yi masa magana ta musamman. Da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya tare wa gero rana, ganyen kuma taki ne. Da rani yake yin ganye da ƴaƴa, lokacin da dabba ba ta da komai. Dabbar da ta zo cin ƴaƴan gawo ta kwanta a inuwarsa, ta bar taki a gonar. Iyayenmu sun san wannan ciniki: bayan girbi makiyayi ya sauka a gona kwanaki, manomi ya ba shi damman hatsi, ƙasa ta samu ƙarfi. A tambayi taron ko akwai masu son a dawo da wannan, a rubuta sunayensu a ranar.

Tambayar da za ta taso ita ce: in na raini itace, nawa ne ko na gandun daji? Tsoron tara ne ya sa manoma da yawa suke kashe toho tun yana ƙarami. A nan ne ma'aikacin gandun daji zai miƙe ya yi bayani da bakinsa. Akwai dokar daji ta 2004, akwai kuma dokar 2020 da ta tsara sassabin zamani, ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina a gonarsa. Ya fayyace wa mutane abin da za su iya yi da kansu da abin da sai sun nemi izini, musamman ga itatuwan da doka ta kare irin su gawo. A roƙe shi ya faɗa a fili, a rubuta abin da ya faɗa.

Maganar gonakin mata

A kudancin jahar, inda mutane suka yi yawa ƙasa ta yi kaɗan, gamanar da ake yankar wa mace daga gandu ita ce ta fara ɓacewa. Wata kuma aro take nomawa, ta zuba taki shekara uku, ranar da gonar ta gyaru mai ita ya karɓe. Mace a irin wannan hali ba za ta raini itace ba, tunda ba ta san ko za ta ga girmansa ba. Liman ya tunatar da rabon gado kamar yadda addini ya tsara, domin mace tana da rabonta a gona, ba a kayan ɗaki kaɗai ba. Sakataren kwamitin filaye ya bayyana takardun da ake yi: ta shaidar mallakar gado, ta saye, ta kyauta, ta aro, ta haya, ta jingina. Takardar aro mai faɗin shekara nawa tana kare mai gonar kamar yadda take kare mai aron.

Mataki na shida: takarda

Kafin a tashi, a rubuta abin da aka yanke. Kowane batu ya amsa tambaya huɗu: me za a yi, wa zai yi, zuwa yaushe, me zai biyo baya in ba a yi ba. A rubuta da Hausa, boko da ajami, tunda dattawa da yawa ajami suke karantawa, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. A yi kwafi da Faransanci saboda ofis. A karanta da ƙarfi, tafinta ya maimaita, a tambaya sau biyu ko akwai mai gyara. Maigari, arɗo, liman, shugabar mata, wakilin matasa da ma'aikatan hukuma su sa hannu ko dangwale. Kwafi ɗaya ga maigari, ɗaya ga arɗo, ɗaya ga mata, ɗaya ga COFOCOM tare da hoton taswirar.

A cikin takardar a sa hanyar da za a bi in ɓarna ta auku, domin za ta auku. Mai gona ba ya dukan dabba ko makiyayi. A kira maigari da arɗo, a je a duba ɓarnar da idon ɓangarorin biyu, in da hali da ma'aikacin noma da na kiwo, a ƙiyasta, a sasanta, a rubuta. In ba a daidaita ba, a rubuta cewa ba a daidaita ba, a wuce fadar sarki, daga can sai kotu. In an zubar da jini ko an ji wa wani rauni, wannan ya wuce sulhun gari, na jandarma ne.

Mataki na bakwai: bayan an watse

Cikin mako guda, tun zukata ba su huce ba, a fita a taka burtalin tare da mutanen COFOCOM, daga farkonsa har mashaya. A sa alama a gefe biyu. Turakun siminti sun fi, amma suna son kuɗi da sa hannun komin. Kafin su samu, a dasa aguwa, wadda dabba ba ta ci kuma reshenta yana kamawa in an kafa shi a ƙarshen rani. Tsakanin gona da gona a bar gamba. Inda garmani ya cinye filin kiwo, a sa ranar gayya a tuge shi kafin ya yi iri, a watsa irin ciyawa da farkon damina.

Kwamitin bin diddigi kada ya wuce mutum bakwai, da makiyaya da mata a ciki, da lambar wayar kowa a hannun kowa. Makiyayan da ke wucewa kawai, waɗanda ba su halarci taron ba, arɗo da garso su isar masu da abin da aka yanke tun kafin su iso. Ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN suna da mutane a kan hanyoyin nan, a ba su kwafi.

In taron ya watse ba a cimma komai ba, ko wani ɓangare ya tashi cikin fushi, kada a sake kiran babban taro nan kusa. A koma zagayen gaisuwa, a gano inda maganar ta karye, a ɗauko batu mafi sauƙi cikin ukun, galibi na itace, a yi shi shi kaɗai. In kuwa an dace, a tsayar da ranar zama na biyu tun kafin a naɗe tabarmi: wanda aka yi a Afrilu a duba shi a Satumba, wanda aka yi a Satumba a duba shi bayan sakin gonaki. A ranar, abin da za a fara da shi shi ne karanta takardar, batu bayan batu, kowa ya faɗi abin da ya cika da abin da ya rage masa.